Doya Bakwai da Takardar da Ta Makara

Unguwar Mishan, Abaji
12 ga Janairu, 2004

Zuwa ga jikokina, Keziya uwargidana da Afiniki auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya kamar yadda nake, in ban da bayan nan nawa da ke yi mini gardama kowace safiya. Ku gaishe mini da Hajiya Luba da ta ba ku ɗaki a bayan gidanta, Allah ya saka mata da alheri.

Keziya, takardarki ta Kirsimeti na karanta ta a gaban dattawa bayan sujada, da bakina, ba wanda ya taya ni. Da na zo wurin da kika ce yanzu ke ce sakatariyar darakta a ma'aikatarku, sai na maimaita layin, wai ban gani da kyau ba. Na gani sarai. So nake masu nauyin kunne su ji. Ni da na shiga ajin yamma ina da shekara sittin da ɗaya, ina riƙe fensir kamar ƙotar fartanya, yau jikata ce ke buga takardun gwamnati. Wa ya isa ya yi wannan in ba Allah ba?

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na ba Manniru direba ƙaramin buhu, a ciki akwai doya bakwai. Ku ji da kyau: ba ta ci ba ce, iri ce. Za ku ga ƙanana ne, kan kowace ɗaya ja kamar an shafa mata jar ƙasa, shi ya sa muke kiranta Mai Jan Kai. Babu ita a kasuwar Abaji, babu ita a Zuba. Kakana ya noma ta, ubana ya noma ta, a gonarmu ta Maitama, tun wurin da kuke zaune yanzu daji ne da ƙauyuka, birai na satar mana masara. Ranar da ma'aikata suka zo suka ce birni ya iso, na dangwala yatsa a kan takardar da ban iya karantawa ba. Kakarku ta kwashi tukwane, ni na saɓa kwando ɗaya na wannan iri a kafaɗa, yadda mu Gbagyi muke ɗaukar kaya, muka taho wurin danginta a nan. Tun ranar ban sake taka Maitama ba, ban kuma yi niyya ba.

Ubanku Barnaba, Allah ya ba shi hutawa, a Kaduna ya rene ku, ba ku san doya ba sai a faranti. Laifin har da nawa. Ina so in gyara tun ina da sauran numfashi.

Ku roƙi Hajiya ɗan wuri a bayan ɗakinku. Ku tara ƙasa tsibi bakwai, kowane ya kai gwiwa. Ku sa doyar a kishingiɗe, kai yana sama, ku rufe da ƙasa kamar taƙi ɗaya. Ku yi wa kowane tsibi hula da busasshiyar ciyawa, ku danne da hoge don rana kada ta dafa ta. Kada ku ba ta ruwa.

Afiniki za ta ce, Kaka, ƙasa a bushe, sama ba gajimare, mu binne abinci? To darasin ke nan. Manomin doya ba ya jira ya ga hadari. Yana ɗaukar abin da zai iya ci yau, ya sa a ƙasa mai zafi, ya juya baya ya tafi gida. Ba shi da takardar alkawari daga sama. Abin da yake da shi, ya san halin Mai ba da ruwa, don bara ya bayar, bara waccan ma ya bayar. Bangaskiya ba zama ba ce a inuwa ana cewa Allah zai yi. Bangaskiya tana da kanta a tafin hannu. Ki yi tsibinki, ki sa irinki, abin da ke faruwa a cikin duhun ƙasa kuma ba naki ba ne, kada ki tona ki duba.

Kowace safiya bayan addu'a ku je ku tsaya a gaban tsibin, ku ce, Ubangiji, mun yi namu. Nawa irin yana rumbu a gona, sai baya ya sake ni zan dasa.

Ni ne kakanku, angon Keziya,
Thaddeus Kure


Maitama, Abuja
20 ga Janairu, 2004

Kaka angona,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Muna lafiya, Afiniki ta koma makaranta. Yaya bayan? Manniru ya ce da sanda kake zuwa majami'a. Don Allah ka rage aikin gona, ba yaro ba ne kai.

Saƙo ya iso. Amma tsakani da Allah, Kaka, doya ce wannan ko dankali? Haka ake yi wa uwargida cefane? Da na buɗe buhun sai da Afiniki ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce angon naki ya tsiyace. Kuma kanta duk ya yi ja, na ɗauka ta fara lalacewa a hanya, sai na datse kawunan na zubar.

To amma na janye maganata. Ranar Lahadi bayan sujada muka dafa duka muka daka, da miyar agushi. Kaka, ban taɓa cin sakwara irin wannan ba. Fara tas, tana jawuwa kamar danƙo, ga wani ƙanshi. 'Yan kwaya biyu, mawaƙan majami'armu, da suka biyo mu gida har suɗe kwano suka yi. Na kai wa Hajiya Luba, daraktarmu, malmala biyu, da safe a ofis ta kira ni, na zata wani fayil ne ya ɓata, ashe tambaya take a wace kasuwa ake samun doyar. Na ce, oga, wannan sai a gonar mijina. Ba mu bar ko ɗaya ba. In da saura a turo, manya wannan karon.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai: buhu ba takarda. Na tambayi Manniru, ya lalube aljihu ya ce shi dai buhu ya sani. Ko ilimin ajin yamma ya ƙare ne? Mun saba da darasinka, Afiniki ce ke karantawa da safe tana kwaikwayon muryarka.

Garin nan kullum sabon gini, in ka yi sati ba ka bi wata hanya ba sai ka ɓata. Na sayi wayar hannu, amma me amfaninta tunda layi bai iso ku ba?

Taka,
Keziya


Unguwar Mishan, Abaji
16 ga Fabrairu, 2004

Jikokina abin alfaharina,

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Ina lafiya, baya ma ya yi sauƙi, ko kuwa murna ce ta mantar da ni shi. Ban ga amsarku ba har yau, amma shirunku bai dame ni ba, mai aiki ba ya surutu. Manniru ya tabbatar mini tun watan jiya cewa ya danƙa saƙo a hannun Keziya. Motarsa ce ta mutu a Zuba, wata guda tana gareji, sai jibi za ta hau hanya.

Ku zauna kafin ku karanta sauran, kada kuma ku tsorata, don ƙarshensa daɗi ne.

Ranar Talata masu farautar gafiya suka sa wa daji wuta. Iska ta juyo da ita gonata. Kafin mutane su iso da ganye da bokiti, rumbun doya ya kama. Ba wanda ya ji ciwo. Amma irin Mai Jan Kai duka yana ciki, na tsibi ɗari uku, ba wanda ya fita. Na iso na tarar da toka da ƙanshin gasasshiyar doya, awaki suna ci. Na zauna a ƙasa. Na ce, Ubangiji, na ɗauko ta a kafaɗa daga Maitama, na raya ta shekara da shekaru, a hannuna za ta ƙare? Me zan gaya wa ubana?

Ina nan zaune sai na tuna da ƙaramin buhu. Doya bakwai! Na fashe da dariya a tsakiyar toka, har Dattijo Ishaku ya riƙe ni yana cewa, "Baba Kure, yi haƙuri, kada hankalinka ya taɓu." Na ce, "Sake ni, Ishaku, hankalina bai taɓa zama daidai kamar yau ba. Iri yana Abuja, a ƙasa, jikokina na gadinsa."

Ku duba fa. Shekara nawa ina noma ban taɓa aika iri ko'ina ba? Me ya sa sai bana? Wa ya sa mini wannan tunani wata guda kafin wuta? Wannan shi ne darasi na biyu, Afiniki ki karanta shi da ƙarfi: Allah yana riga mu isa gobe. Kafin ciwo ya zo ya riga ya shuka maganin a bakin hanya. Muna kuka a kan ƙofar da ta rufe, alhali tun jiya ya buɗe taga.

Jiya Lahadi na roƙi Fasto ya ba ni wuri, na tsaya na ba da shaida. Ban bar komai ba. Na ce, "Ina da jikoki biyu mata a babban birni, ɗaya sakatariya, ɗaya tana aji biyar a sakandare, amma ba su fi ƙarfin fartanya ba. Da hannunsu suka yi tsibi bakwai." Matan Zumunta suka buga tuluna, guɗa ta tashi, Mama Saratu mai shekara tamanin ta fito tsakiya tana rawa. Fasto ya ce a ranar godiyar kaka ta bana, Mai Jan Kai ta Abuja ce za a fara ajiyewa a gaban bagade, ku biyu kuma za ku shigo da ita. Ku fara neman hutu tun yanzu, ku ɗinka anko.

Maƙwabta sun yi mini gudummawar iri na doyar gari, ba zan zauna banza ba. Amma ido na kanku. Ku duba hular kowane tsibi, in iska ta ɗauke ku mayar. Ku kiyaye awaki. Bakwai ɗin nan su ne suka rage a duniya.

Kakanku mai fahariya da ku,
Thaddeus Kure


Maitama, Abuja
21 ga Fabrairu, 2004

Kaka,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Jikinmu lafiya. Mun gode wa Allah da wutar ba ta taɓa ka ba.

Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagewa. Gara in faɗa kai tsaye.

Jiya Manniru ya kawo mini takardu biyu a tare, ta jiya-jiyan nan da ta sha biyu ga Janairu. Ta farkon a aljihun gaban mota ya jefa ta ya manta, ta yi wata guda a gareji. A nan kuma ya tarar da wadda na rubuta maka tun ashirin ga Janairu, ita ma ba ta je ko'ina ba. Na so in karɓe ta in ƙona. Afiniki ta ce a'a, a kai maka duka biyun. Ga ta nan a haɗe.

Kaka, ba mu dasa doyar ba. Mun cinye ta. Ban san iri ba ce. Na yi mata ba'a, na daka ta, na raba wa mutane. Babu tsibi bakwai, babu ko ɗaya.

Da ta farkon na fara karantawa, a tsaye a bakin get. Da na kai layin da ka ce ba ta ci ba ce, sai na zauna a ƙasa. Da na buɗe ta biyu na ga wuta da shaidar da ka bayar, ban san sanda na fara kuka ba, har maigadi ya fito yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce kusan haka ne.

Ba zan ɗora wa Manniru ba, ya rantse ya ba da haƙuri har ya cire hula. Da ni 'yar gida ce ta gaske, da ido kawai ya isa ya gaya mini wannan iri ne. Abin da kakanka ya riƙe, ubanka ya riƙe, wuta ma ta bar bakwai, ni na ƙarasa shi da taɓarya. Na kuma sa ka faɗi abin da ba haka ba a gaban jama'ar Allah.

Afiniki ta ce mu sayi wata doya mu dasa, in kaka ta yi mu shafa mata jar ƙasa, wa zai gane? Ta faɗa ne tana kuka, kada ka riƙe ta. Na ce kai za ka gane, Allah kuma ya riga ya gani.

In ka ce in zo in tsaya a gaban ikilisiya in faɗa da bakina, zan zo. Ka gafarta mini.

Keziya


Unguwar Mishan, Abaji
15 ga Maris, 2004

Keziya,

Ina lafiya. Na karanta duka biyun.

Kin ce kin datse kawunan kin zubar. A ina kika zubar da su? Da kauri kika datse ko da siriri? Ki ba ni amsa a motar gobe.

Thaddeus Kure


Maitama, Abuja
23 ga Maris, 2004

Kaka,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Muna lafiya. Ka yi haƙuri ban amsa a motar da ka ce ba, za ka ji dalili.

Sati uku ba mu ji daga gare ka ba, sai ga layi uku, ba uwargida, ba auta, ba darasi. Na ce shi ke nan, Kaka ya cire ni daga zuciyarsa, yanzu tuhumata yake har a kan ɓawon da na zubar. Na kwana biyu takardar na cikin jakata, ko a ofis sai in ciro in duba in mayar.

Ranar Alhamis da yamma ina zaune a bakin famfo, Malam Nuraddeen maigadinmu ya zo alwala. Dattijo ne, mutumin wajen Katsina. Ya ce, "'Yata, wata guda ke nan fuskarki ba ta gari. Ko ogar ce?" Na ba shi labari duka, na karanta masa takardarka, na ce ka ji yadda yake fushi.

Ya ajiye buta ya ce, "Sake karantawa." Na sake. Ya ce, "Wannan ba fushi ba ne, tambayar manomi ce. Masu jan kai ɗin nan, naku ne?"

Na ce, "Ka gan su?"

Ya ce, "Na gan su? Ni da na yi rani bakwai ina ƙwadago a gonakin doya a Lafiya? Na zo zubar da shara na tarar da kawuna a kwandon bayan kicin, an datse su da kauri kamar mai fushi da doya. Na ce kai, 'yan boko, Allah ya shirye ku, ana zubar da idon doya a shara? Taso."

Kaka, akwai fili a bayan katangarmu da ba a gina ba tukuna, yana ɗan shuka masara da kuɓewa a ciki. Ya ce ya shafa wa kawunan toka, ya bar su a inuwa suka sha iska, sannan ya yi tsibi ya binne, har da hular ciyawa, daidai yadda ka rubuta, shi da bai ga takardarka ba. Huɗu sun ruɓe, da tsibinsu ya lotsa ne ya tona ya gani. Sauran uku shiru. Na so in tona, ya buge mini hannu ya ce, "Ba a leƙa ta." Shi ya sa ban rubuto ba, na ji tsoron in sake sa ka murnar banza.

Ranar Asabar aka yi ruwan farko. Yau da safe kafin in tafi ofis Afiniki ta shigo a guje ba ko takalmi. Uku, Kaka! Duka ukun sun huda hula sun fito, tsiron ja-ja kamar yatsan jariri. Na durƙusa a laka da kayan ofis.

Na ce wa Malam Nuraddeen ya sayar mana. Ya ce, "Ki sayi me? Ku gaya wa tsoho kayansa na nan. Amma in ta yi, ni ma a ɗanɗana mini sakwarar da Hajiya ke ta labari."

Saura abu ɗaya, ba zan ɓoye maka ba. An sauke bulo da yashi a gefen filin tun watan jiya. Ba wanda ya san ranar da masu gini za su zo, ko bana ko baɗi. Daga filin ana hango wani dutse da itacen ɓaure a kansa, ban sani ba ko ka san shi.

Ko har yanzu ni uwargida ce?

Keziya


Unguwar Mishan, Abaji
5 ga Afrilu, 2004

Uwargidana Keziya, da auta Afiniki,

Alheri da salama su yawaita a gare ku cikin sunan Yesu. Ina lafiya ƙalau. Sandar ma na jingine ta, Ishaku ya ce ƙarya nake, na ce ya zo mu yi tsere.

Keziya, wa ya gaya miki ana sakin mace don ta iya daka? Layi ukun nan ba fushi ba ne. Manniru ya riga ya ta da mota, a kan gwiwata na rubuta. Shirun sati uku kuwa, kunya ce, kuma ba kunyarki ba, tawa.

Bari in gaya muku abin da ya faru, shi ne darasi na uku, ya kuma fi na baya tsada.

Da na karanta takardunki na kwana bakwai ban buɗe Littafi ba. Ba doyar kaɗai ke cina ba. Na tsaya a gaban mutane na faɗa musu dabarar Allah dalla-dalla, kamar tare muka zauna muka tsara. Sai na gane dariyar da na yi a cikin toka, ba ga Allah na dogara ba, ga ƙaramin buhu na dogara. Da aka ɗauke buhun sai ga ni a ƙasa. Mai bangaskiya da buhu a ɓoye bai san nauyin bangaskiyarsa ba tukuna.

Ranar Lahadi bakwai ga Maris na sake roƙon Fasto wuri. Lokacin ban san komai game da kawuna ba, ku lura da wannan. Na tsaya na ce, "Jama'a, shaidar da na bayar ba haka take ba. Takarda ta makara, yara ba su sani ba, sun ci doyar. Mai Jan Kai ta ƙare. Na zo in faɗa muku cewa Allah nagari ne ranar da nake da iri, nagari ne kuma yau da ba ni da shi."

Can sai Mama Saratu ta ɗaga murya daga bencin mata ta ce, "To Baba Kure, sakwarar dai ta yi daɗi?"

Na ce, "Jikata ta rubuto cewa har ogarta ta kira ta ofis a kanta."

Aka fashe da dariya, har Fasto ya dafa bagade. Na ce, "Ban gama ba." Na ciro takardarki ta biyu na karanta musu wurin jar ƙasa. Afiniki, kada ki ɓata rai, ban faɗi sunan mai shawarar ba. Na ce, "Yarinyar nan tana iya rufe ni, ba mai ganewa sai ni, ni ma ido ya fara tafiya. Ta zaɓi ta faɗi gaskiya ta sha kunya. Ranar farko na yi muku fahariya da tsibin da babu shi. Yau ina fahariya da abin da ke akwai." Ba a buga tulu ba ranar, amma na ga mata suna share ido da bakin zane. Keziya, irin da na fi jin tsoron ya ɓace a gidanmu ba na doya ba ne, kuma na ga ya tsira.

Bayan sati guda ina zaune ina kallon matar Ishaku tana feraye doya, ta datse kai ta ajiye gefe, sai abin ya faɗo mini. Sauran kin sani.

Yanzu ku dubi yadda Ubangiji ya bi. Ni na tsara masa hanya ta hannun jikokina da tsibi bakwai da anko. Shi kuwa ya bi ta kwandon shara, da hannun bawansa Nuraddeen wanda ban taɓa gani ba. Wannan karon ba zan ce na gane dabararsa ba. Godiya kawai nake yi. Ku kuka ci, shi ya ajiye, har Hajiya ta samu rabonta.

Maganar bulo da yashi, kada ta hana ku barci. Wataƙila su bar mu har kaka, wataƙila su zo gobe. In sun zo, za mu tone ta da ƙasarta mu sa a buhu, ta saba ƙaura, ba yau ta fara ba. In kuma ta mutu, kun riga kun ji abin da na faɗa ranar bakwai ga Maris, ba zan janye ba.

Ku gaya wa Malam Nuraddeen a al'adarmu mai iri da mai tsibi rabawa suke. Ɗaya cikin ukun tasa ce, kada ya yi mini gardama, na girme shi. Tsiron yana bukatar sanda kafin ya fara yaɗo, doguwa, ba irin ta tumatir ba. Na sare guda uku masu kyau.

Dutsen da kika ce, in yana da tsaga ta gabas wadda mutum zai iya shiga a karkace, to tsakaninsa da rafi gonar ubana take, a cikin tsagar nake ɓuya in na gudu daga korar birai. In ba shi ba ne, ba komai, ƙasar dai ita ce. Na ce ba zan sake taka Maitama ba, amma doya ta riga ni komawa, ba ta kuma nemi izinina ba. Wane ne ni?

Wannan takarda ba zan ba Manniru ba. A aljihun rigata za ta zo, ni da ita da sanduna uku, ranar Asabar kafin Ista. Ku tarye ni a tashar Jabi, don an ce ko ɗan gari ɓata yake yi. Akwai kuma buhu, manya wannan karon, kamar yadda uwargida ta yi umarni. Amma ba za a ɗora tukunya ba sai an karanta takarda har ƙarshe.

To an kai ƙarshe. Wannan ta ci ce. A ɗauko turmi.

Kakanku, angon Keziya har gobe,
Thaddeus Kure